Fulawar da ake ce mana ba ta mutuwa

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce ƙarami ne a wannan lokaci na tsadar rayuwa. Ni ban ɗauke shi ƙarami ba, domin kuɗin mutane na tafiya a kansa, kuma akwai lafiyar yara a ciki.

Bayan ƙaramar Sallah na zaga ganin ɗakin amare uku a nan Kano, biyu tsofaffin ɗalibaina, ɗaya 'yar ƙanena. Duka ukun na tarar da fulawa iri ɗaya a falo: mai yaɗon nan da ganyenta ke kama da hoton zuciya, kore da roɗi-roɗin ruwan ɗorawa ko fari, wadda masu sayar da fulawa a bakin titi ke kira moni filant, a littafi kuma potos. Ta gidan farko ganyenta ya koma ɗorawa gaba ɗaya, ƙasar tukunyar jagab tana wari. Ta gida na biyu ta yi tsawo kamar igiyar guga, ganye ɗaya nan, ɗaya can, kuma duk roɗi-roɗin da aka saye ta dominsa ya ɓace. Ta ukun tana rataye dab da bakin esi, ƙura ta rufe ta, bakin kowane ganye ya ƙone. Da na tambayi 'yar ƙanen nawa, sai ta ce, "Wallahi Gwaggo, mai fulawar ce mini ya yi ba ta mutuwa, ruwa kawai zan riƙa zuba mata kullum." Sauran biyun ma abin da aka faɗa musu ke nan, kusan kalma da kalma.

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na koyar da ilimin halittu shekara 31 a makarantar 'yan mata kafin in yi ritaya, kuma tun 2013 nake kiwon wannan shuka a ɗaki. Tana da juriya, gaskiya ne, amma tana mutuwa, kuma shawarar "ruwa kullum" ita ce ta fi kashe ta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya karɓi kuɗin yarinya ya miƙa mata abu mai rai, haƙƙi ne a kansa ya gaya mata yadda ake riƙe shi.

Sai an san inda shukar ta fito kafin a gane halinta. Masana tsirrai na kiran ta Epipremnum aureum, kuma asalinta tsibirin Mo'orea ne, kusa da Tahiti, can tsakiyar Tekun Fasifik. A dajin da ya dace da ita takan kama jikin bishiya ta hau sama mita da yawa, ganyenta ya yi faɗi ya fi babban tire, har ya riƙa tsagewa. Wadda muke ajiyewa a tukunya yarintarta ce kawai, ba ta girma ta wuce nan. Ko da yake muna kiran ta fulawa, kada kowa ya zauna jiran furenta, domin kusan ba ta yin fure ko a hannun ƙwararru. A 2016 masu bincike suka nuna cewa ba ta iya samar da isasshen sinadarin da ke sa tsiro ya yi fure. Duk wadda ka gani a kasuwa yankan wata ce aka dasa. Abin lura shi ne a gidansu haske mai yawa take samu amma ta tsakanin ganyen bishiyoyi, iskar wurin na da danshi, saiwarta kuma tana cikin ruɓaɓɓen ganye da ɓawon itace inda ruwa ke wucewa ba ya kwanciya. Kwatanta wannan da falon Kano mai labule biyu a watan Janairu.

Ta farkon da na mallaka maigidana ne, Allah ya jiƙansa, ya zo mini da ita daga Kaduna. Na samo tukunyar tangaram mai kyau wadda ba ta da huji a ƙasa, na cika ta da baƙar lakar fadama, ina ganin ai ita ce ƙasa mai albarka. Kullum bayan sallar asuba, in na ba zogale da lalle ruwa a tsakar gida, sai in shigo in zuba mata nata. Ana cikin watan Agusta ganyen ya fara yin ɗorawa yana yaushi. Yaushi a wurinmu alamar ƙishi ce, don haka na ƙara ruwa. Ranar da na zare ta daga tukunyar, saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi kamar taliyar da ta wuce dahuwa, tana warin kwata. Na ji ciwon rasa ta sosai, don tsarabarsa ce.

Tarkon da ke nan shi ne saiwa ma numfashi take yi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ramuka masu riƙe iska, in ruwa ya cike su kwana da kwanaki sai saiwar ta shaƙe, ƙwayoyin ruɓa su samu shiga. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya zuƙar ruwa, saboda haka ganye sai ya yi yaushi ko da tukunyar na cike da ruwa. Mai shuka ta ga yaushi, ta ƙara ruwa, ta ƙarasa ta. Kafin a ɗauki buta, a tura ɗan yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In an ji danshi, a bar ta. In ta bushe, a zuba ruwa sosai har sai ya fito ta ƙasan tukunya, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti. Na kan ga 'yan mata na karanta wa juna a waya wai sau ɗaya a mako ake ba ta ruwa. Waɗanda suka rubuta haka ba su san bazararmu ba, ba su san marka ba. A ɗakina, cikin Afrilu lokacin da zafi ke kai digiri 40, duk kwana uku ko huɗu ƙasar ta bushe. Cikin Agusta kuwa sai ta yi kwana 10 zuwa 12 ba ta nemi ruwa ba. Tukunya ɗaya, taga ɗaya.

Tun daga wancan rashi ban sake amfani da laka ba. Ina haɗa kashi biyu na ƙasar lambu mai laushi, kashi ɗaya na yashin rafi mai 'yar tsakuwa, kashi ɗaya na ɓuntun shinkafa da aka ɗan babbaka ko gawayin da aka farfasa ƙanana, da ɗan tsohon takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe ya huce. Tukunyar ƙasa irin ta maginan tukwanenmu ta fi ta roba da ta tangaram nesa ba kusa ba, domin jikinta na fitar da danshi kamar yadda randa ke yi, ga araha. A dai tabbatar an huda ƙasanta. Wadda take son kyan tangaram ɗin, sai ta saka tukunyar ƙasar a cikin ta tangaram ɗin, ta riƙa ciro ta ranar ban ruwa. Kuma kada a sa ɗan tsiro a ƙatuwar tukunya don ana fatan ya cika ta. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba riƙe ruwa kawai take yi.

Idan an riga an makara, ba a yi asara duka ba. A duba jikin yaɗon, a gindin kowane ganye akwai gaɓa mai ɗan ƙullutu ruwan ƙasa. Daga nan sabuwar saiwa ke fitowa. A yanka da reza mai tsabta, kowane yanki da gaɓa ɗaya ko biyu da ganyensa, a tsoma gaɓar cikin ruwa, ganyen yana waje. Cikin mako biyu zuwa uku za a ga farar saiwa, in ta kai tsawon ɗan yatsa a dasa. Ganye zalla ba tare da gaɓa ba zai iya yin watanni a ruwa yana nan kore, amma ba zai taɓa yin toho ba. Na ga wadda ta jira wata huɗu a kan haka.

Matsalar gida na biyu ita ta fi ba ni tausayi, domin yarinyar ta kula da shukarta iya ƙoƙarinta. Cewa ta yi, "Malama, an cuce ni ne? Mai zane na saya, ga shi ta koma kore zalla." Ba a cuce ta ba. Koren da ke jikin ganye sinadari ne da ake kira kulorofil, da shi tsiro ke kama haske ya dafa abincinsa. Wurin da ya yi fari ko ɗorawa ba shi da wannan sinadari, ko yana da shi kaɗan; kwalliya ce da koren ɓangaren ke ciyar da ita. In haske ya wadata, shukar na iya ɗaukar nauyin wannan kwalliya. In aka kai ta lungu mai duhu, sababbin ganyen sai su riƙa fitowa da ƙarancin zane, reshen da ya fito kore zalla kuma ya fi sauran ƙarfi da saurin girma, a hankali ya mamaye tukunyar. Tsawon da take yi ba ganye, shi ma neman haske ne: tana miƙa jiki ko za ta kai inda yake, shi ya sa tazarar da ke tsakanin ganye da ganye ke ƙaruwa, ganyen na ƙanƙancewa.

Mu kuwa ɗakunanmu duhu muke gina su da shi, saboda zafi da saboda sutura: ƙaramar taga, ragar sauro, labule mai kauri, wani lokaci katangar maƙwabci dab da tagar. Idon mutum na sabawa da duhu har ya ga kamar ɗakin da haske, tsiro ba ya sabawa. Gwajin da nake ba mutane shi ne, da hantsi, a kashe fitila, a tsaya inda shukar take a buɗe Alƙur'ani mai ƙananan rubutu ko jarida. In sai an matso ido kafin a karanta, wurin ya yi mata duhu. Masu farin zane da yawa, irin wadda ake kira Marble Queen, sun fi buƙatar haske kuma sun fi jinkirin girma. Mai ruwan ɗorawar da ta fi yawa a kasuwa ta fi haƙuri. Wurin da ya fi dacewa shi ne kusa da tagar gabas, inda ranar safe mai laushi za ta taɓa ta na ɗan lokaci. Amma kada jin wannan ya sa a fitar da ita tsakar gida. Ranar azahar ɗinmu na ƙona ganyen cikin yini ɗaya, kuma farin ɓangaren ne ke fara ƙuna, ya koma kamar takardar da wuta ta lasa. Tagar yamma ma sai da labule mai shara-shara.

Ganyen da ya riga ya fito kore ba zai sake yin zane ba, komai hasken da aka ba shi. Abin yi shi ne a bi reshen baya har a kai ganye na ƙarshe mai zane, a yanke daga nan, don sabon toho ya fito daga gaɓar da ke ɗauke da zanen. Mata da yawa ba sa iya yanka, suna ganin tsawon shi ne abin alfahari, har ana zagaye bango da shi a kan ƙusoshi. Ni na fi son tukunya cike taf da ganye a kan igiya mai mita uku. Abin da aka yanke a tsirar da shi a ruwa a mayar da shi cikin tukunyar uwar. Haka masu sayarwa ke yi, yanka biyar ko shida suke haɗawa shi ya sa take kyau ranar da aka saya.

Sai hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na bushewa har leɓe da dunduniya su tsage, to haka bakin ganye ke yi, ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Ƙura kuma na kwanciya a kan ganyen ta tare haske, wanda dama bai isa ba. Duk Asabar nakan jiƙa tsumma mai laushi in goge ganye ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, ko in kai tukunyar banɗaki in yi mata wanka da ruwan da ba sanyi ba zafi. Na ga masu shafa madara ko man gyaɗa wai don ganye ya yi sheƙi. A daina, maiƙon kama ƙura yake yi ya toshe ƙofofin numfashin ganye. A lokacin nan ne kuma wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu son bushewa ke yaɗuwa a bayan ganye. Da wuya ido ya gan su, sai dai a ga ganye ya yi fari-fari kamar an yayyafa masa gari, da 'yar saƙa irin ta gizo-gizo a gindinsa. Wankan nan na mako-mako shi ne babban maganinsu. A daren da sanyi ya tsananta a janye ta daga jikin taga, domin 'yar ƙasar zafi ce. Iskar esi da ke bugun ta kai-tsaye hunturu ce ta dindindin, a matsar da ita gefe.

Akwai wani farin ƙwaro da ke maƙalewa a gindin ganye kamar ɗigon auduga, yana tsotse ruwan jikin shukar yana barin danƙo da ke jawo tururuwa. Yawanci da shi ake sayo ta, don haka a duba sosai kafin a biya, sabuwar shuka kuma a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da sauran. Auduga da sifirit na cire shi, sai a bi da fesa ruwan sabulu kaɗan ko man darbejiya da aka tsinka, a maimaita duk mako har sau uku ko huɗu saboda 'ya'yan da ke ƙyanƙyashewa daga baya.

Ruwan ma kansa abin dubawa ne. A unguwannin da ruwan burtsatse ko na rijiya ke da zartsi, za a ga wani farin abu kamar kanwa na taruwa a saman ƙasa da bakin tukunya. Gishirin nan na ƙona saiwa. Ni da damina ruwan indararo nake tara mata, bayan ruwan farko ya wanke kwano. Da rani kuwa, duk wata biyu nakan kwarara mata ruwa mai yawa ya bi ta cikin ƙasar ya fice da gishirin. Takin zamani kuma ba masara ba ce. Wata maƙwabciyata ta ɗebi cikin tafin hannu daga ragowar buhun gonar mijinta ta zuba wa tata, kwana uku ganyen ya yi baƙi. 'Yan ƙwayoyi kaɗan a narke a ruwa mai yawa, sau ɗaya a wata lokacin da take toho, sun isa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ban taɓa jin mai sayar da fulawa ya ambata ba. Wannan shuka dangin gwaza ce. Duk wanda ya taɓa ɗanɗana gwazar da ba ta dahu ba ya san ƙaiƙayin da take sa wa maƙogwaro. Abin da ke jawo shi wasu 'yan ƙananan allurai ne na sinadarin kalsiyam okzalet, kuma suna nan a ganye da jikin potos. Bara ɗan maƙwabtanmu mai shekara biyu ya tsinki ganyen da ke lilo daga kan kabad ya tauna. Ihu, yawu na dalala, leɓe ya kumbura. Allah ya taƙaita, zuwa yamma ya warware, amma uwar ba ta ma san ganyen ne sanadi ba sai da na ga ragowarsa a hannunsa. In haka ta faru, a cire abin da ke bakin, a kurkure, a ba shi ruwan sanyi ko madara ya kurɓa. Kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai. In harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko haɗiya ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti da ganyen a hannu. Kyanwa ma haka yake yi mata. Amaryar bana ita ce mai goyon baɗi, saboda haka tun yanzu a rataye shukar sama, a datse duk reshen da ya sauko inda mai rarrafe zai kai.

Na biyu, kwalaben ruwan da ake jera yankan a ciki a kan taga, wasu har shekara. Akwai sauro mai zanen fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke ɗaukar zazzaɓin shawara da na dengi. Shi ba kududdufi yake nema ba, ruwa mai tsabta a cikin mazubi a cikin gida ya fi so, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kamar kwana 7 zuwa 10 ne. A riƙa canza ruwan duk kwana uku ko huɗu, a goge cikin kwalbar domin ƙwan a jikinta yake mannewa. Farantin ƙarƙashin tukunya ma haka.

Akan kuma tallata ta da cewa tana tace iskar ɗaki. Maganar ta samo asali ne daga gwajin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi a 1989, amma a cikin ƙananan akwatunan da aka rufe ruf aka yi shi. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel da ke Filadelfiya suka sake bin irin waɗannan gwaje-gwaje, suka lissafa cewa sai an sa tsiro 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska ta yau da kullum ke yi a gini. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya rufe ɗaki da kaskon gawayi da hunturu, ko ya kunna janareta a baranda, yana ganin fulawa za ta kare shi. Ba za ta kare shi ba, a buɗe taga. Batun wai tana jawo kuɗi gida, wanda sunan moni filant ke ɗauke da shi, camfi ne da aka shigo mana da shi tare da shukar, arziki kuwa na Allah ne. Kyanta da sanyin da take sa wa ido sun isa dalilin ajiye ta.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne a shafin iyali a riƙa ware ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, da wani malamin gona ko masanin tsirrai daga jami'o'inmu zai riƙa bayani da Hausa a kan shuke-shuken cikin gida bisa yanayinmu na hunturu da bazara da damina. Masu sayar da fulawa kuma ina roƙonsu su ƙara wa mai saye jimla uku kacal: kada ki ba ta ruwa sai ƙasa ta bushe, ki ajiye ta kusa da taga, ki nisanta ta da yara.

Ta gidan 'yar ƙanena mun sauko da ita daga bakin esi, mun wanke ta, mun datse ta, ta fara toho. Ta gidan farko saiwar ta riga ta tafi, gaɓa huɗu kawai na samu na tsira da su, suna kan tagata ta gabas a cikin kofi. Uku sun fitar da saiwa, ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan dasa su a tukunyar ƙasa in mayar wa mai su.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makaranta mai ritaya,
Kano.